Rumbu biyu a gida ɗaya: ƙaurarmu daga PostgreSQL 12 zuwa 16

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Birnin Kebbi kwamfuta ɗaya ce ke riƙe mata da komai: sunan kowane manomi, takin da ya karɓa bashi da iri da man injin ban-ruwa, buhunan shanshera da ya kawo, da abin da ya rage a kansa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni a garin nan a watan Nuwamba na 2015 muke rubutu a manyan littattafai, sai a 2020 muka koma kwamfuta. Wannan kwamfutar, da muke kira saba, tana kusurwar ofishin akawu, kusa da batiran sola. Tsarin da ke tafiyar da ita Ubuntu 20.04 ne, ram ɗinta (wurin da take riƙe aikin da take kan yi) giga 8, rumbun bayanan kuma PostgreSQL 12 ne, wanda ya zo tare da Ubuntun.

Zubi na 12, wato fitowar PostgreSQL mai wannan lamba, ya fito a watan Oktoba na 2019. Masu PostgreSQL shekara biyar suke kula da kowane zubi, kuma gyara na ƙarshe da suka yi wa wannan ya fita a Nuwamban da ya wuce. Daga nan duk ɓarakar da aka gano a cikinsa, ba mai toshe mana ita. Hakkin ɗaruruwan mutane ne a ciki, wasu daga Kalgo, wasu daga Bunza, wasu daga can Suru. Ba na iya barci da wannan.

Na zaɓi zubi na 16, duk da na 17 ya fito tun Satumba. Ubuntu 24.04 da 16 yake zuwa, kuma can za mu koma nan gaba. Sannan za a ci gaba da kula da shi har Nuwamban 2028.

Akwai umarnin pg_upgradecluster da zai yi ƙaurar a zama ɗaya. Ban bi ta nan ba. Manhajar da akawu ke aiki da ita wani yaro ne ya rubuta mana, ya bar gari tuni, kuma ba wanda ya taɓa gwada ta a kan sabon zubi. Kuɗin sayen saba ta biyu babu. Don haka za su zauna tare a kwamfuta ɗaya, tsohon yana aikinsa, sabon ina gwada shi, har sai na gamsu.

Da na yi wa Alhaji, shugaban ƙungiya, bayani, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, taura biyu ba ta taunuwa. Mi za ya hana su haɗe lissahin mutane?" Na ce, "Ranka shi daɗe, kamar rumbu biyu ne a gida ɗaya. Kowane da ƙofarsa, kowane da makullinsa." Ya ce to, amma duk abin da zan yi in gama kafin azumi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kafin in taɓa komai na ɗauki kwafin ajiya biyu, ɗaya a filas ɗin da ke aljihuna, ɗaya a diskin da ke gidan ma'aji.

Ubuntu 20.04 ba shi da 16 a ma'ajiyarsa, sai da na ƙara ma'ajiyar masu PostgreSQL ɗin kansu. Saukarwa ta ci lokaci saboda sabis, amma girkawar ba ta ɗauki minti biyar ba. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne, a Debian da Ubuntu an riga an tanadi wannan zaman tare. Kowane zubi yana da ɗakinsa: manhajar 12 tana /usr/lib/postgresql/12, bayanansa suna /var/lib/postgresql/12/main, saitinsa yana /etc/postgresql/12/main. Na 16 ma haka, lambar kawai ta canza. Da mai girkawa ya ga ƙofa ta 5432 (lambar da manhajoji ke bi su shiga rumbu) tana hannun tsohon, shi da kansa ya ba sabon 5433. Na buga pg_lsclusters, ga layi biyu, dukansu a raye.

Abu biyu na duba nan take. Na farko haruffa: na tabbatar sabon ya tashi da UTF8 da tsarin jera kalmomi iri ɗaya da tsohon. Sunayen manomanmu cike suke da ɗ da ƙ da ɓ, kuma na taɓa ganin rasit ɗin da ya mayar da Ɗ alamar tambaya. Mutumin da aka ɓata wa suna a takarda, da wuya ya yarda da lambar da ke ƙasan sunan. Na biyu ram. Tsohon na ba shi giga 2 tun da daɗewa a saitin shared_buffers. Sabon ya zo da mega 128 na asali, na ɗaga shi zuwa 512 na tsaya nan. Shawarar da ake bayarwa ta kashi ɗaya cikin huɗu na ram, ga rumbun da ke zaune shi kaɗai ne. In na ba kowanne hakan, manhajar akawu ce za ta sha wuya.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau gabana ya faɗi.

Na zuba kwafin bayanan jiya a sabon rumbu don gwaji, na shigar da wasu sunayen wasa, da yamma na dawo in share su. Na buga psql, manhajar da ake ba rumbu umarni da ita, na ga lamba 16 a saman allo, hankalina ya kwanta. Na rubuta umarnin sharewa, yatsana yana kan maɓalli, sai idona ya koma kan layin farkon nan. Bayan 16 ɗin akwai waƙafi, sannan an rubuta cewa sabar da nake ciki 12 ce. Wato a cikin rumbun gaskiya nake, inda bashin mutane yake.

Dalili kuwa, a Ubuntu in ka kira psql, sabon zubinsa ake ba ka ko da wane rumbu za ka shiga. In kuma ba ka faɗi ƙofa ba, 5432 ake kai ka. Kayan aikin sabo, ɗakin tsoho. Na ɗauke hannuna, na fita waje na sha iska.

Duk tsorona a baya kada rumbunan su yi karo da juna ne. Ashe su ba su da rigima, kowanne ya san iyakarsa. Mai shiga ne ke iya ɓata ƙofa. Da na dawo na gyara fayil ɗin .psqlrc, na sa lambar ƙofa ta riƙa fitowa a gaban kowane layi da zan rubuta. Na kuma ɗaukar wa kaina doka: ba zan ƙara kiran psql ba tare da faɗin ƙofa ba, ko da tsohon nake nufi. Na rubuta 5432 TSOHO, 5433 SABO a ƙyallen kwali na manna a gefen allo.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ɗora kwafin manhajar akawu na biyu, na nuna masa 5433. Ya ƙi shiga, wai kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali ita ce dai.

Na kwashe masu amfani daga tsohon da pg_dumpall, kalmomin sirrinsu suka taho a ɓoye da tsarin md5. Daga zubi na 14 aka mayar da scram-sha-256 tsarin asali, fayil ɗin pg_hba.conf na sabon, mai tsara yadda ake shiga, kuma shi yake nema. Kalmar da aka adana da md5 ba za ta wuce wannan ƙofar ba. Na mayar da layin zuwa md5 na ɗan lokaci, don shi yana karɓar duka biyun, sannan na kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya kowa ya sake sa kalmarsa a sabon. Mutum shida ne kawai. Malama mai kula da asusu ce za ta jira, domin laftof ɗinta yana jawo lissafi zuwa Excel ta wata tsohuwar mahaɗa da ba ta san sabon tsarin ba. Sai na sabunta mata ita tukun.

Wani ƙaramin tuntuɓe: na buɗe sabon rumbu fanko don in ga ko manhajar za ta iya gina teburanta da kanta, aka hana ta. Daga zubi na 15 ba kowa ke da izinin ƙirƙira a fagen public, inda tebura ke zama, ba, sai mai rumbun ko wanda aka ba. A wanda na dawo da shi daga kwafi wannan bai faru ba, saboda kwafin ya taho da tsohon izini. Ni a ganina gyaran nan daidai ne, ya ma makara.

Alhamis, 23 ga Janairu

Hazo ya yi kauri kwana uku, ƙura ta lulluɓe farantan sola, batir bai cika ba. An ɗauke wuta da daddare, kafin asuba sabar ta mutu. Da safe duka rumbunan suka tashi da kansu, kowanne ya karanta littafinsa na WAL, inda yake rubuta duk canji kafin ya aiwatar, ya gyara abin da ya katse. Ba mu rasa komai ba. Na roƙi maigadi ya riƙa share farantan kullum da safe, na nuna masa yadda zai yi da tsumma mai laushi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji da kwafin jiya ya isa haka. Yanzu ina son sabon ya riƙa bin sawun tsohon, duk abin da akawu ya shigar a 12 ya bayyana a 16 cikin daƙiƙu. PostgreSQL yana da wannan tun zubi na 10, kuma yana aiki tsakanin zubi daban-daban. Na canza wal_level zuwa logical a tsohon. Wannan sai an kashe an kunna, don haka na bari sai da aka tashi daga ofis. Na kwashe ƙirar tebura zalla ba tare da bayanai ba, da manhajar ɗaukar kwafi, pg_dump na 16, domin ƙa'ida ita ce a yi kwafi da na sabon zubi. Sai umarnin CREATE PUBLICATION a tsohon don ya riƙa aikawa, CREATE SUBSCRIPTION a sabon don ya riƙa karɓa. Tunda gida ɗaya suke, ba ruwansu da intanet, kafin in idar da sallar isha'i an gama kwashewa.

Na shigar da buhu ɗaya na gwaji a nan, na leƙa can, ga shi. Na share shi a nan, ya ɓace a can. Na daɗe ban ji daɗin aiki irin na daren nan ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ƙarfe tara da rabi akawu ya kira ni. "Malam, ka zo, kwamhyuta ta ƙi karɓar farashi."

Na tarar da wani dattijo zaune a benci, ya zo tun daga wajen Kalgo da buhu bakwai a bayan a-kori-kura, an auna, yana jiran rasit. Direban yana ta leƙowa ta taga. Farashin buhu ya canza da safiyar nan, akawu yana son ya gyara shi kafin ya buga takarda, manhajar tana ƙi.

Laifin aikina na ranar Asabar ne. Teburin farashin yau ɗan ƙarami ne, wanda ya rubuta manhajar bai sa masa makullin farko ba, wato abin da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa. A da ba komai. Amma da zarar tebur ya shiga cikin waɗanda ake aikawa sabon rumbu, PostgreSQL yana buƙatar abin da zai shaida kowane layi da shi a ɗaya ɓangaren. In babu, shigar da sabon layi yana wucewa, gyara ko sharewa kuwa sai a hana. Kuma a tsohon rumbu ake hanawa, wurin da mutane ke tsaye suna jira. Ranar Asabar teburin buhuna na gwada, shi kuwa yana da makulli.

Na sa wa teburin REPLICA IDENTITY FULL, wato a shaida layi da dukkan abin da ke cikinsa. Ga babban tebur wannan nauyi ne, ga mai layi goma ba komai. Farashi ya shiga, rasit ya fito. Na je na durƙusa gaban dattijon na ce, "Baba, a yi haƙuri, ni na tsayar da kai." Ya ninke takardar sau huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Ba komi ɗana, tunda abin da anka rubuta daidai na." Kusan awa ɗaya ya yi a bencin nan, kuma kuɗin mota yana ƙaruwa a kansa. Da yamma na bi tebura duka, na samu wasu biyu marasa makulli, na sa musu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ranar Alhamis na kashe 16 don in gyara wani saiti, aka kira ni ta'aziyya Jega, na tafi ban kunna shi ba. Yau na tarar diski ya kusa cika.

In mai bin sawu ya tsaya, tsohon ba ya zubar da littafin WAL, yana ajiye masa har ya dawo. Fayiloli ne masu mega 16 kowanne. A ranar da ba hada-hada ba su da yawa, amma makon nan ake rajistar manoman rani, kuma manhajarmu a cikin rumbu take adana hoton kowa da na katinsa. Sai suka yi ta taruwa. A zubi na 13 aka kawo saitin max_slot_wal_keep_size da ke sa wa wannan iyaka, 12 ba shi da shi. Kuma a nan ne zaman gida ɗaya ke da haɗari na gaske: diskin guda ne. Da ya cika, da tsohon da sabon da manhajar akawu duk tare za su tsaya.

Na kunna 16, ya kamo abin da ya wuce shi cikin 'yan mintuna, bayan ɗan lokaci tarin ya sauka. Ban goge ko fayil ɗaya da hannu ba, kuma ina roƙon duk wanda ya sami kansa a irin wannan hali kada ya taɓa babban fayil ɗin pg_wal. Na rubuta ɗan umarni da zai turo min saƙo in diski ya haura kashi 80 cikin ɗari.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tun da na kunna 16 ranar Litinin Malama tana buga rahoton ƙarshen rana sau biyu, ɗaya daga kowace ƙofa, tana ɗora takardun gefe da gefe tana bi da biro. Jimillar bashi, jimillar buhuna, abin da aka biya. Ba a sami bambancin ko naira ɗaya ba. Wannan ya fi min duk gwajin da na yi, domin ita ta san lambobin nan tun suna littafi. Na sabunta mata mahaɗar Excel, na mayar da ƙofar 16 kan scram-sha-256 gaba ɗaya.

Rahoton shekara ne kawai ya yi nauyi a sabon. Na gudanar da ANALYZE a kan tebura duka don ya san girman abin da yake riƙe da shi, ya saki.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci ofis ba kowa, shi ya sa na zaɓi yau. Alhaji ya ce zai zauna ya gani da idonsa, aka kawo masa kujera.

Na rufe manhajar akawu. Na jira har sabon ya kamo layi na ƙarshe, na ƙirga layukan kowane tebur a ɓangarorin biyu, suka zo ɗaya. Sai abin da na rubuta da jan biro tun makon jiya don kada in manta: masu ƙirga lamba. Bin sawun nan layuka yake kawowa, ba ya kawo matsayin abin da ke ba rasit lambarsa ta gaba. A sabon duk suna kan farko. Da na buɗe haka, rasit na farko gobe zai nemi lamba 1, ya tarar da mai ita tun 2020, manhajar ta tsaya. Na karanto matsayin kowanne daga tsohon, na saita shi a sabon da setval.

Daga nan na cire bin sawun, wanda ya saki ajiyar WAL da ke tsohon. Na musanya ƙofofi: 16 ya karɓi 5432, 12 ya koma 5433. Na fi son haka da bin kowace kwamfuta ina canza mata lamba. Tsohon na sa masa default_transaction_read_only, a karanta kawai. Ba katanga ba ce, mai niyya yana iya kauce mata, amma za ta tare kuskure. Sabon na ɗaga masa ram zuwa giga 2, tsohon na rage masa zuwa mega 256. Na cire kwalin gefen allo na rubuta wani.

Duka minti arba'in. Alhaji ya ce a nemo masa sunan wani ƙaninsa da ke noma a fadama. Akawu ya buga, bashinsa ya fito. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Shi na. Allah shi yi albarka."

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na shigo duba kwafin ajiyar dare, na ga na jiya da na shekaranjiya fanko ne, babu ko harafi ɗaya a ciki.

Umarnin da ke ɗaukar kwafi ƙarfe ɗaya na dare, ni na rubuta shi shekarun baya, kuma na sa masa cikakkiyar hanyar pg_dump na 12. Yana zuwa 5432 kamar kullum, sai ya tarar da 16. Tsohon pg_dump ba ya yarda ya kwafi sabar da ta girme shi a lamba, sai ya tsaya, ya bar fayil fanko mai ɗauke da suna da kwanan wata kamar komai lafiya. Dare biyu ƙungiya ta kwana ba ta da kwafi, kuma ranar Asabar an karɓi shanshera. Irin abin da ya kusa faruwa da ni ranar 15 ga Janairu ne, sai dai wannan karon ba idon da zai koma kan layin farko.

Na gyara hanyar zuwa 16, na rubuta ƙofa ƙarara a cikin umarnin, na ƙara masa cewa in fayil bai kai girman da aka saba ba ya turo min saƙo. Na ɗauki kwafi nan take, na dawo da shi a wani rumbun gwaji, na ƙirga, ya cika. Sannan na bi duk ayyukan da ke tashi da kansu a sabar ɗaya bayan ɗaya. Na samu wani guda, mai fitar da jerin masu bashi duk Litinin, shi ma da tsohuwar hanya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwana shida a kan 16, akawu bai kira ni ba. Littafin rahoton tsohon ya nuna ba wanda ya ƙwanƙwasa 5433 tun ranar Litinin, don haka yau na kashe shi, na rubuta manual a fayil ɗinsa na start.conf don kada ya tashi da kansa in an kunna saba.

Ban goge shi ba. Ma'aji ya tambaya ko ba wuri yake ci ba, na ce yana ci, amma a bar shi har mu rufe lissafin watan Maris a sabon, Malama ta sa hannu. Bayan salla zan ɗauki kwafinsa na ƙarshe in kai gidan ma'aji, sannan in kira pg_dropcluster, in karanta lambar zubin da na rubuta sau biyu kafin in danna.

Saura Ubuntu 20.04, wanda shi ma wa'adin kulawarsa ta kyauta zai ƙare kafin tsakiyar shekarar 2025. Wancan ba za a yi shi a gida ɗaya ba. Na rubuta wa kwamiti takardar neman sabon diski, za a duba ta a zaman farko bayan azumi.